Bargunan Ƙyallaye na Matan Amurka

Daren Cleveland

A arewacin ƙasar Amurka akwai wani gari mai suna Cleveland, a bakin wani babban tafki da ake ce wa Erie. Cikin watan Afrilu na shekarar 1861, labari ya zo wa matan garin cewa samari masu yawa sun sauka a wani sansani kusa da gari. Sabbin sojoji ne, ba su daɗe da baro gonakinsu ba. Gwamnati ta kira su yaƙi, amma ba ta tanadar musu abin rufa ba. Ga shi kuwa a can ko cikin Afrilu dare yana da sanyi ƙwarai, ba kamar Maraɗi ko Tawa ba, inda a wannan wata mutane suke kwana tsakar gida saboda zafi.

Matan ba su tsaya doguwar shawara ba. Ƴan kwanaki kafin nan sun kafa ƙungiyar taimakon sojoji, shugabarsu wata dattijuwa ce mai suna Rebecca Rouse. Suka shiga kekunan doki, suka bi gida gida suna roƙon abin rufa. Kafin dare ya yi sun tara barguna fiye da 700, suka kai sansani.

To, wannan gari ɗaya ke nan, dare ɗaya. Yaƙin kuwa shekara 4 ya yi.

Wane yaƙi ne?

Yaƙin basasa ne, watau tsakanin ƴan ƙasa ɗaya. A jihohin kudancin Amurka akwai bayi kusan miliyan 4, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka. Su ne suke noma auduga. Da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860, masu bayi suka ji tsoron za a hana bauta yaɗuwa. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, Arewa ta ce ba ta yarda a raba ƙasa ba. Aka fara harbi ran 12 ga Afrilu 1861, ba a gama ba sai 1865.

Sojoji fiye da 600,000 suka mutu. Amma ga abin mamaki: cikin kowane 3 da suka mutu, kamar 2 ba harsashi ya kashe su ba, ciwo ne. Zawo, da zazzaɓin taifot, da ciwon haƙarƙari sun fi bindiga ɓarna. Mutumin da yake fama da ciwon haƙarƙari, ya kwanta ba abin rufa a daren da ruwa yake daskarewa cikin bokiti, da wuya ya tashi.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Masaƙun Arewa ba su iya saƙa bargon ulu da zai ishi sojoji da majinyata ba. Sai mata suka koma ga abin da suka gada daga iyayensu, wani irin abin rufa da ake ce wa kwilt da Ingilishi. Ba saƙa shi ake yi ba, ɗinka shi ake yi.

Wanda ya taɓa ganin lifidin da ake sa wa dawaki ran hawan salla a Damagaram ya san dabarar. Hawa uku ne. Na sama, ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka aka harhaɗa: ragowar yadi, da tsohuwar riga, da wandon da ya yi wa yaro kaɗan. Na tsakiya, auduga ce da aka shimfiɗa, ko gashin tumaki, ko wani tsohon bargo da ya sha jiki. Na ƙasa, yadi ne mai faɗi, kamar shafin babbar riga. Sai a bi su da allura, zare ya ratsa duk hawa ukun, layi bayan layi. In ba a yi haka ba, wanki ɗaya audugar za ta dunƙule a gefe guda, sauran ya zama fanko.

Bargo ba ya da zafin kansa. Ku sa hannu cikin bargon da ba wanda ya rufa da shi, za ku ji shi sanyi ƙalau. Jikin mutum ne yake fid da zafi. Auduga tana riƙe iska a tsakanin silinta, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Don haka ba a so a matse audugar da ɗinki har ta yi tauri kamar tabarma.

Mace ɗaya takan yi makonni kafin ta gama bargo ɗaya. Shi ya sa tun kafin yaƙi matan karkara suka saba yin gayya. A ɗaure bargon a jikin sanduna 4 da aka haɗa, a ɗora sandunan kan kujeru, mata su kewaye shi. Kowace ta ɗinke iyakar inda hannunta ya kai, sa'an nan a naɗe gefen da aka gama a matsa ciki. Da haka aikin makonni yakan ƙare cikin yini ɗaya.

Kyakkyawar niyya, mummunan shiri

A watannin farko kowane gari ya yi ta kansa. Uwa tana so ta aika wa ɗanta, mata tana so ta aika wa mijinta. Sai a sami babban akwati a zuba masa duk abin da aka ga dama: barguna, da riguna, da ƙwai, da man shanu, da kwalaben ƴaƴan itace da aka dafa da sukari. A rubuta sunan rundunar samarin garin, a kai tashar jirgin ƙasa.

Amma runduna ba ta zama wuri ɗaya. Kafin akwati ya isa, an tura ta wani wuri. Akwati ya yi kwana da kwanaki a tasha. Kwalabe su fashe, ƙwai ya ruɓe, mai ya narke, duk su jiƙa bargon da aka yi makonni ana ɗinkawa. Wata mata mai suna Mary Livermore, wadda ta yi wannan aiki a Shikago, ta ba da labarin irin wannan hasara cikin littafin da ta rubuta bayan yaƙi.

Ko an yi sa'a akwati ya isa lafiya, da sauran magana. Samarin garin masu arziki su sami kaya har su rasa inda za su sa, na ƙauyen matalauta su kwana cikin sanyi. Barguna kuma kowane da girmansa. Na gadon gida ya yi wa gadon asibiti yawa, yana jan ƙasa yana kwasar dauɗa.

Ba wanda zai ce matan nan ba su yi ƙoƙari ba. Shiri ne babu.

Hukumar Tsabta

A ƙarshen Afrilu 1861 dubban mata suka taru a birnin Niyok. Cikin waɗanda suka kira taron akwai Elizabeth Blackwell, mace ta farko da ta sami takardar likita a Amurka, a 1849. Suka kafa babbar ƙungiya don ta haɗa kan ƙananan. Daga nan wasu likitoci da wani malamin majami'a mai suna Henry Bellows suka tafi Washinton neman izinin gwamnati. Manyan sojoji ba su so ba, shi kansa Lincoln bai ga amfanin abin ba da farko. Duk da haka ya sa hannu cikin Yuni 1861. Aka sa mata suna Hukumar Tsabta ta Amurka. Ba kuɗin gwamnati take ci ba, da sadakar jama'a take aiki.

Cikin Oktoba na wannan shekara Hukumar ta buga takardar kira ga mata, aka watsa ta cikin garuruwa. Ba ta ce kowa ya kawo abin da ya samu ba. Ta faɗi abin da ake bukata filla-filla. Bargo ya zama na yadi mai araha, tsawonsa kamar santimita 213, faɗinsa kamar santimita 125. Wannan shi ne awon ƙaramin gadon asibiti. Tsawon ya isa a cusa ƙarshensa ƙarƙashin ƙafafun majinyaci, faɗin bai kai ya ja ƙasa ba. Da awo ya zama ɗaya, bargon da aka ɗinka a kowane ƙauye ya dace da kowane gado.

Aka kuma tsara hanyar da kaya za su bi. Ƙauye ya aika zuwa babbar mangaza ta yankinsa, a birane kamar Boston, Niyok, Filadelfiya, Cleveland da Shikago. Kowane akwati a sa masa takardar lissafin abin da ke ciki, a kuma aika da irinta ta gidan waya. A mangaza mata suke buɗe akwatunan. Su ƙidaya, su rubuta cikin littafi, su ware barguna wuri ɗaya, safa wuri ɗaya, abinci can nesa da tufafi. Kowane bargo a buga masa hatimin Hukuma da tawada, don kada wani ya ɗauke shi ya kai kasuwa. Sai a jira saƙo daga wakilan Hukuma da suke zagaya sansanoni da asibitoci, su faɗi inda aka fi bukata.

Doka ɗaya ce ta fi yi wa mata nauyi. Hukuma ta ce kayan da aka ba ta ba na samarin wani gari ba ne, na duk sojan da ya fi bukata ne. Ku duba wuyar abin. Mace ta yanka rigar aurenta ta sa cikin bargo tana tunanin ɗanta, sai a ce mata watakila wani baƙo ne daga wata jiha zai rufa da shi. Wasu garuruwa suka ƙi, suka ci gaba da aika wa nasu kai tsaye. Ga kuma tsegumi yana yawo, wai likitoci da ma'aikatan asibiti ne suke cinye kayan sadaka.

A nan rubutu ya yi rana. A ofishin Niyok wata budurwa mai suna Louisa Schuyler da abokan aikinta sun yi ta rubuta wa ƙungiyoyin ƙauye wasiƙu: akwatinku ya iso, ga abin da aka tarar ciki, ga abin da ake nema yanzu. Wasu matan suka tafi asibitoci suka gani da idonsu, suka komo suka bi ƙauyuka suna ba da labari. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: in kowa ya ɗinka wa ɗansa kaɗai, ran da ɗan ya kwanta ciwo a wani asibiti mai nisa, wa zai rufe shi? A hankali ƙungiyoyi kamar 7,000 suka shiga wannan tsari.

Aikin ƙungiyar ƙauye

Ƙungiya takan taru sau ɗaya a mako, a majami'a, ko ɗakin makaranta, ko gidan ɗaya daga cikinsu. Akwai shugaba, da mai rubutu, da mai ajiyar kuɗi. Wasu su bi gidaje da kantuna neman ƙyallaye. Waɗanda suka iya almakashi su yi yanka, masu keken ɗinki su harhaɗa. A lokacin keken ɗinki sabon abu ne, ba kowane gida yake da shi ba. Yara ma da nasu aiki: a wasu garuruwa su ne suke zagayawa kowane wata suna karɓar ƴan kuɗin da gidaje suka yi alkawari.

Da yaƙi ya yi nisa, ƙyallaye suka ƙare. Audugar Kudu ba ta zuwa, kuɗinta ya ninka fiye da sau 10. Mata suka ɗauko bargunan gadajensu, su farke manya 2 su fid da ƙanana 3. In ana sauri, ba a bin bargo da ɗinki layi layi, sai a ratsa shi da zare mai kauri nan da can, a ƙulle.

A jihar Maine da maƙwabtanta, can arewa maso gabas inda sanyi ya fi tsanani, akwai wata dabara mai kyau. Maimakon a jira ranar gayya, kowace mace ta tafi gida da awon murabba'i ɗaya. Ta haɗa samansa, ta sa audugarsa da shafinsa, ta ɗinke, ta kalmashe bakinsa, ya zama kamar ɗan ƙaramin bargo. Ran taro sai a jera su a haɗa baki da baki. Ba a bukatar sanduna, ba a bukatar babban ɗaki. Mai jego da tsohuwar da ba ta iya fita duk sun sa hannu. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya kiyaye awo. In murabba'i ɗaya ya gaza da ɗan yatsa biyu, layin duka ya karkace.

Ina kuɗi?

Yadi da magani da kuɗin jirgi duk sai da kuɗi. Mary Livermore da abokiyar aikinta Jane Hoge suka shirya babbar kasuwar sadaka a Shikago, aka buɗe ta ran 27 ga Oktoba 1863, aka yi mako 2 ana ci. Manoma suka shigo da amalanke cike da dankali da albasa. Gwanayen ɗinki suka kawo barguna na alharini masu ado, waɗanda ba don gadon asibiti aka yi su ba, don a sayar wa masu kuɗi. Lincoln ya aiko da takardar da ya rubuta da hannunsa ta shelar ƴanta bayi, aka saye ta dala 3,000. Matan sun sa ran dala 25,000, sai ga shi sun sami kamar 80,000. Kada ku ɗauka dalar nan ce ta tamma 5. Dalar Amurka ce, a zamanin nan kuwa albashin ƙaramin soja dala 13 ne a wata.

Akwai waɗanda wannan tsari bai kai gare su sosai ba: bayin da suka gudo daga Kudu suka taru a Washinton, ba gida, ba abin rufa. Wata tela mai suna Elizabeth Keckley, wadda ta fanshi kanta daga bauta da kuɗin ɗinkinta, ta kafa musu ƙungiya a 1862, tana tara musu tufafi da barguna.

Bargon ƴan mata 14

Masu binciken tarihi sun ƙiyasta matan Arewa sun ba da barguna kamar 250,000 cikin shekarun yaƙi. Ƙalilan ne suka saura. Wasu sun yage don wanki da aiki, wasu an ƙone su saboda cuta, wasu kuwa da su aka yi wa mamata likkafani.

Ga labarin ɗaya da ya tsira. A garin Augusta na jihar Maine, wata malama mai suna Susannah Pullen tana koya wa ƴan mata 14 karatun addini ran Lahadi. Suka haɗa bargo mai murabba'i 15, kowane da zanen tauraro. Da yake sun san majinyaci yakan gaji da kwanciya ba abin yi, suka ɗauki alƙalami da tawada suka cika fararen wuraren da rubutu fiye da 150: ayoyin littafinsu, da nasiha, da kacici-kacici na ban dariya. Suka gama ran 1 ga Satumba 1863. A wani gefe aka rubuta roƙo, in bargon ya kai ƙarshen yaƙi a maido wa malamar da shi.

Bargon ya isa asibitocin Washinton. Sojojin da ƴan matan ba su taɓa gani ba suka rufa da shi, wasu har suka aiko musu da wasiƙar godiya. An kuwa cika roƙon, bargo ya komo Augusta. Daga baya dangin malamar suka ba da shi ga babban gidan kayan tarihi na Smithsonian da ke Washinton.

Ma'anar kalmomi

Sansani: wurin da sojoji suke sauka su kafa tantuna.
Mangaza: babban ɗakin ajiyar kaya.
Murabba'i: abu mai gefe 4 masu tsawo ɗaya da kusurwa 4 daidai.
Kalmashe: lanƙwasa bakin yadi a ɗinke don kada ya zare.
Ƙiyasta: faɗin yawan abu bisa lissafi, ba tare da an ƙidaya ɗaya ɗaya ba.

Tambayoyi

1. Me ya fi kashe sojoji a wannan yaƙi?
2. Don me ake ratsa hawa ukun bargo da zare?
3. Ku faɗi abubuwa 2 da suka sa kayan watannin farko suka lalace ko ba su isa ba.
4. Wace doka ce ta fi yi wa mata nauyi? In da ku ne, za ku yarda da ita? Ku kawo hujja.

Lissafi

Ana so a haɗa bargo da murabba'i 15, a jera 3 a faɗi, 5 a tsawo. Gefen kowane murabba'i santimita 42 ne. Nawa ne tsawon bargon, nawa ne faɗinsa? In aji mai yara 45 kowa ya ɗinka murabba'i ɗaya, barguna nawa za a samu?

Aiki

Ku tambayi telan unguwarku abin da yake yi da ragowar ƙyallaye. Ku yanka kwali mai gefen santimita 20 ya zama awon aji duka. Kowa ya kawo murabba'i ɗaya bisa wannan awo ran Litinin, a jera su kan tabarma a ga ko sun hau juna.